Jona rumbun fayilolin Azure a sabar Ubuntu, da yadda ake kaiwa ga foldar ciki

Akwai ranar da diskin sabar ke cika, ko kuma sabar biyu su buƙaci fayiloli iri ɗaya: wannan tana karɓar takardun da ma'aikata ke ɗorawa, waccan tana sarrafa su da dare. A nan ne mutum ke fara tunanin kai fayilolin girgije, wato ma'ajiyar da ke kan intanet, sannan ya jona su a sabar tamkar wani diski ne aka ƙara mata. Jonawar kanta layi ɗaya ce. Abin da ke cin lokaci shi ne abin da ke kewaye da layin: ƙofar da aka toshe, izinin rubutu da ya ƙi zama, da sabar da ta tashi bayan ɗaukewar wuta ta manta da rumbun gaba ɗaya.

Zan yi bayani da Azure Files na Microsoft da Ubuntu 22.04 ko 24.04, don su na fi taɓawa da hannuna. Wurin ajiyar da aka raba zan riƙa kiransa rumbu. Tsarin hawa uku ne: asusun ajiya a sama, rumbu ɗaya ko fiye a cikinsa, sai foldoji a cikin kowane rumbu. A misalinmu asusun sunansa `ajiyarmu01`, rumbun kuma `takardu`, a cikinsa akwai `lissafi` da `hotuna`. Adireshinsa ke nan:

```
//ajiyarmu01.file.core.windows.net/takardu
```

Sunan asusu ƙananan haruffa ne da lambobi kawai, daga 3 zuwa 24. Ka kwafe shi daga shafin Azure, kar ka rubuta da ka.

Fara da ƙofa

Rumbun yana magana da yaren SMB, wanda kwamfutocin Windows ke raba fayil da shi, kuma yana bi ta ƙofa mai lamba 445. Kafin ka saka komai, ka duba ko ƙofar a buɗe take daga sabar taka:

```
nc -zvw3 ajiyarmu01.file.core.windows.net 445
```

Idan ka ga `succeeded`, hanya ta buɗe. Idan ya yi shiru na daƙiƙa 3 ya ce lokaci ya ƙare, to dakata, babu umarnin jonawa da zai yi maka aiki. Kamfanonin intanet da yawa suna toshe wannan ƙofa, kuma suna da hujja: ta nan muguwar manhajar nan WannaCry ta bi a watan Mayun 2017, ta hanyar wata ɓaraka a tsohon SMB na farko, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe masu yawa. Sabar da ke cikin Azure ba ta cika samun wannan matsala ba, sai dai in kai ka rufe mata fita. Wadda ke ofis ce ke shan wahala. Mafitarta ita ce VPN, wato keɓantacciyar hanya tsakanin ofis da Azure, ko kuma, idan sabar Windows ce, Azure File Sync da ke bi ta ƙofa 443 wadda kusan kowa ke bari a buɗe.

Ko ƙofa ta buɗe, ka yi la'akari da nisa. SMB yare ne mai yawan tambaya da amsa. Buɗe fayil ɗaya sai an je an dawo sau da dama. Sabar tana Kano ko Maraɗi, rumbu yana Turai ko Johannesburg, inda Microsoft ta buɗe cibiyarta a 2019: babban fayil ɗaya zai wuce lafiya, amma folda mai ƙananan fayiloli dubbai za ta sa ka zauna kana kallon allo. In da hali, sabar da rumbu su zauna yanki ɗaya.

Kayan aiki da mabuɗi

```
sudo apt update
sudo apt install cifs-utils
```

Shi ke nan. Kenel, wato zuciyar Linux, da ke zuwa da Ubuntu 22.04 shi ne 5.15, na 24.04 kuma 6.8, duka sun iya SMB 3.1.1 da rufa sirrin bayanai a kan hanya. Wannan na da muhimmanci, don Azure ba ta yarda a jona daga wajen yankinta ba tare da rufa sirri ba.

Sunan shiga shi ne sunan asusun ajiyar. Kalmar sirri kuma ita ce mabuɗin asusun, wata doguwar igiyar haruffa da ke ƙarewa da `==`. Za ka same shi a shafin asusun, ƙarƙashin `Access keys`. Guda biyu ne, `key1` da `key2`, kowanne yana buɗewa. Ka ɗauki na farko.

Kar ka rubuta mabuɗin a cikin umarni, don zai zauna a tarihin umarninka. Kar ka sa shi a `/etc/fstab` kuma, inda ake jera abin da sabar za ta jona in ta tashi, don fayil ne da kowa a sabar ke iya karantawa. Ka ba shi fayil nasa, ka kulle fayil ɗin tun kafin ka zuba komai:

```
sudo mkdir -p /etc/smbcredentials
sudo install -m 600 /dev/null /etc/smbcredentials/ajiyarmu01.cred
sudo nano /etc/smbcredentials/ajiyarmu01.cred
```

Layi biyu za ka rubuta, ba tazara kafin alamar daidai ko bayanta:

```
username=ajiyarmu01
password=MABUDINKA
```

Ka duba ƙarshen mabuɗin da kyau. Sau da yawa wajen kwafa ana barin `==` a baya, ko a kwaso wata tazara da ido ba ya gani.

Jonawar farko, da hannu

Ko da foldar ciki kaɗai kake so, ka fara da rumbun gaba ɗaya. In wannan ya yi, ka san mabuɗi da hanya lafiyarsu ƙalau, duk abin da ya lalace daga baya daga sunan folda ne.

```
sudo mkdir -p /mnt/takardu
sudo mount -t cifs //ajiyarmu01.file.core.windows.net/takardu /mnt/takardu \
  -o credentials=/etc/smbcredentials/ajiyarmu01.cred,vers=3.1.1,uid=www-data,gid=www-data,dir_mode=0750,file_mode=0640,serverino,nosharesock,actimeo=30,mfsymlinks
```

In bai ce komai ba, ya yi. Ka tabbatar da `findmnt /mnt/takardu`, sannan ka gwada rubutu da sunan wanda zai yi aikin, a nan `www-data`, asusun manhajar shafin intanet, ba da sunan `root`, babban asusun sabar, ba:

```
sudo -u www-data touch /mnt/takardu/gwaji.txt
```

Bari mu tsaya a kan `uid`, `gid`, `dir_mode` da `file_mode`, don nan ne masu Linux suka fi ruɗewa. Rumbun SMB na Azure bai san tsarin mallaka irin na Linux ba. Abin da `ls -l` ke nuna maka ba a rumbun yake rubuce ba. Kenel ɗin sabar taka ce ke shafa wa kowane fayil mai shi da izininsa, gwargwadon abin da ka faɗa lokacin jonawa. Idan ba ka faɗi komai ba, komai na `root` ne, manhajarka za ta karanta amma ba za ta rubuta ba. Sai mutum ya shiga buga `chmod` da `chown`, ya duba ya ga babu abin da ya motsa. Ba zai motsa ba. Gyaran shi ne a cire jonin, a canza lambobin, a sake jonawa. A intanet za ka ga misalai da yawa da `0777`. Yana aiki, amma ma'anarsa duk wani asusu da ke sabar zai iya goge komai a rumbun. Ni ba na sa shi a sabar da ke aiki.

Sauran ba su da wahala. `actimeo=30` na sa kenel ta riƙe bayanin fayil na daƙiƙa 30 kafin ta sake tambaya, maimakon daƙiƙa 1 da ta saba; yana rage zirga-zirga sosai, sai dai canjin da wata sabar ta yi zai ɗan jinkirta kafin ka gan shi. `serverino` na sa a yi amfani da lambar fayil da rumbun ya bayar. `mfsymlinks` na ba ka damar yin mahaɗar fayil da `ln -s`. `nosharesock` na ba kowane joni layinsa na kansa.

Foldar ciki

Hanya biyu ce. Ta farko, ka ƙara sunan foldar a ƙarshen adireshi:

```
sudo mkdir -p /srv/lissafi
sudo mount -t cifs //ajiyarmu01.file.core.windows.net/takardu/lissafi /srv/lissafi \
  -o credentials=/etc/smbcredentials/ajiyarmu01.cred,vers=3.1.1,uid=akanta,gid=akanta,dir_mode=0700,file_mode=0600,serverino,nosharesock,actimeo=30
```

Yanzu `/srv/lissafi` ita ce cikin `lissafi`, `akanta` kuma sunan mai amfanin da muka ba shi ita ne a misalinmu. Wanda ya buga `cd ..` zai fito `/srv` ne na sabar, ba zai hau saman rumbun ba. Kana iya nutsawa ƙasa, `takardu/lissafi/2024`, duk ɗaya ne. Sharaɗi guda: sai foldar tana nan. Umarnin ba ya ƙirƙirar ta. Ka yi ta daga jonin farko da `mkdir`, ko daga shafin Azure. Idan sunanta na da tazara, a umarni ka rufe adireshin da alamar zance, a `fstab` kuma ka rubuta `\040` a madadin tazarar: `Rahoton\040Shekara`. Rumbun SMB ba ya bambanta babban harafi da ƙarami, `Hotuna` da `hotuna` abu ɗaya ne a wurinsa, alhali a diskin Linux biyu ne. Ka tuna da wannan in za ka kwaso tsofaffin fayiloli, kar wani ya hau kan wani.

Ta biyu, ka jona rumbun sau ɗaya, sannan ka leƙo da foldar a wani wuri:

```
sudo mount --bind /mnt/takardu/hotuna /var/www/shafi/hotuna
```

Wannan kamar taga ce aka buɗe wa ɗaki ɗaya. Layi ɗaya ne ke zuwa girgije, komai yawan tagogin. Aibinta, tana gadon mallaka da izinin uwar jonin. Ba za ka ba wannan folda ga `akanta` waccan ga `www-data` ba.

Wacce za ka ɗauka? Idan manhaja ɗaya ce ke son foldoji a wurare daban-daban, taga ta ishe ka. Idan masu amfani sun bambanta, ka jona kowace folda kai tsaye, kowacce da `uid` nata. Ni na fi karkata ga ta farko ko da ba dole, don duk wanda ya buɗe `fstab` bayana zai ga abin da kowane layi ke yi ba sai ya bi sawu ba.

Ga abin da nake so ka riƙe fiye da komai a nan. Jona foldar ciki ba katanga ba ce. Mabuɗin da ke cikin fayil ɗin nan ba na `lissafi` ba ne, ba ma na `takardu` ba ne. Na asusun ne dungurungum, da duk rumbunan da ke cikinsa da sauran abin da aka ajiye a asusun. Ka ɗauka gida ne mai ɗakuna goma, ka ba baƙo makullin da ke buɗe kowace ƙofa, sannan ka nuna masa ɗakinsa. Muddin ya tsaya inda ka nuna, lafiya. Amma duk wanda ya samu `sudo` a sabar, ko ɓarawon da ya kutsa ya kai matsayin `root`, zai karanta mabuɗin ya jona saman rumbun cikin minti ɗaya, daga ko'ina in katangar asusun, wato tsarin da ke tace hanyoyin da za a shigo ta su, a buɗe take. Don haka sabar shafin intanet da ke fuskantar duniya kada ta riƙe mabuɗin asusun da takardun albashi ke ciki, ko da `hotuna` kaɗai ka jona mata. Rumbu daban a asusu ɗaya ma bai raba su ba. Abin da ke rabawa shi ne asusun ajiya daban da mabuɗinsa daban, ko kuma shiga da shaidar mutum ta Active Directory ko Microsoft Entra, inda ake ɗora izini a kan kowace folda, rumbun da kansa ya hana. Na farko ya fi sauƙi ga ƙaramin ofis. Ka kuma shiga `Networking` na asusun ka taƙaita shiga ga hanyoyin sadarwar da ka sani.

Ya dawo da kansa bayan an sake tayar da sabar

Jonin hannu yana tafiya da zarar sabar ta mutu. Ka ajiye kwafin `fstab`, sannan ka ƙara layinka, duka a layi ɗaya:

```
sudo cp /etc/fstab /etc/fstab.tsoho
```

```
//ajiyarmu01.file.core.windows.net/takardu/lissafi /srv/lissafi cifs credentials=/etc/smbcredentials/ajiyarmu01.cred,vers=3.1.1,uid=akanta,gid=akanta,dir_mode=0700,file_mode=0600,serverino,nosharesock,actimeo=30,_netdev,nofail 0 0
```

`_netdev` na nuna cewa sai hanyar sadarwa ta tashi. `nofail` na cewa ko rumbun bai amsa ba, sabar ta ci gaba da tashi. Ga mai taga, layin uwar yana sama, nata a ƙasa:

```
/mnt/takardu/hotuna /var/www/shafi/hotuna none bind,_netdev,nofail,x-systemd.requires-mounts-for=/mnt/takardu 0 0
```

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka gwada yanzu kana zaune, ba ranar da wuta ta ɗauke ba:

```
sudo umount /srv/lissafi
sudo systemctl daemon-reload
sudo findmnt --verify
sudo mount -a
```

In ya jonu, ka zaɓi lokacin da ba kowa a kai ka sake tayar da sabar da gangan, ka ga ya dawo da idonka.

Sai dai `nofail` na da wata illa, kuma na ga ta da idona a wani ofis da na taɓa yi wa aiki. Wuta ta ɗauke da dare, ta dawo, sabar ta riga na'urar intanet tashi. Jonin bai yi ba, sabar ta wuce abinta kamar yadda aka umarce ta. Foldar da ake jonawa a kai tana nan, fanko, a kan diskin gida. Aikin adana kwafi na ƙarfe biyun dare ya zo ya same ta a buɗe, ya zuba kayansa, ya rubuta cewa ya gama lafiya. Haka ya yi ta yi dare bayan dare. Ba wanda ya lura sai da diskin ya cika, manhajar karɓar kuɗi ta tsaya da safe mutane na layi. Abin da ya fi tayar min da hankali ba cikar diskin ba ne: duk kwanakin nan babu kwafi ko ɗaya a girgije. Kuma da muka sake jonawa, fayilolin suka ɓace daga gani, don jonin ya rufe su, diski kuwa yana nan a cike.

Maganinsa ƙarami ne. Ka cire jonin, ka daskarar da foldar fankon, ka mayar:

```
sudo umount /srv/lissafi
sudo chattr +i /srv/lissafi
sudo mount /srv/lissafi
```

Jonawa a kanta na yiwuwa, amma in babu joni, ko `root` ba zai iya rubutu a ciki ba. Aikin zai faɗi da ƙara, ka ji. A saman kowane rubutun da `cron`, mai tayar da ayyuka a kan lokaci, ke gudanarwa kuma ka sa:

```
mountpoint -q /srv/lissafi || exit 1
```

Idan manhajar tana ƙarƙashin systemd, mai tayar da manhajoji a Ubuntu, ka buga `sudo systemctl edit` da sunanta, ka ƙara `RequiresMountsFor=/srv/lissafi` a sashen `[Unit]`. Ba za ta tashi ba sai rumbun ya zo.

In ya ƙi

Saƙon da `mount` ke bayarwa gajere ne. Cikakken labarin yana `sudo dmesg | tail`. `error(115)` kusan kullum ƙofa 445 ce, koma ga gwajin farko. `error(2)` sunan rumbu ko na folda ne ba daidai ba, ko foldar babu ita. `error(13)` ya fi yaudara, don mutum yakan ɗora laifin a kan mabuɗi ya yi ta sake kwafa, alhali yana iya zama katangar asusun ce ba ta san adireshin sabar ba, ko kuma an nemi tsohon SMB mara rufa sirri. Ka duba ukun. In `umount` ya ce `target is busy`, `sudo fuser -vm /srv/lissafi` zai nuna maka wanda ke riƙe da shi. Sau da yawa kai ne, kana tsaye a cikin foldar a wata tagar umarni.

Abu ɗaya da ba zan sa a rumbu irin wannan ba shi ne fayilolin ma'adanar bayanai mai aiki, SQLite ko MySQL. Kulle fayil ta kan hanya mai nisa da yankewar layi na ɗan lokaci ba sa jituwa da su. Kwafin da aka fitar daga cikinsu dai ya je, wannan wurinsa ne.

In sabar Windows ce, ko rumbun na Amazon

A Windows Server gwajin ƙofa shi ne `Test-NetConnection` da `-Port 445`, jonawa kuma:

```
cmdkey /add:ajiyarmu01.file.core.windows.net /user:localhost\ajiyarmu01 /pass:MABUDINKA
net use Z: \\ajiyarmu01.file.core.windows.net\takardu\lissafi /persistent:yes
```

Tarkon nan shi ne harafin `Z:` na wanda ya jona ne kaɗai. Kai kana ganinsa, IIS, manhajar shafin intanet ta Windows, ko aikin da aka tsara da wani asusu ba ya gani. Ka ba manhajar cikakken adireshin mai `\\`, ka ajiye mabuɗin a asusun da take gudana da shi, ko ka yi amfani da `New-SmbGlobalMapping` a Windows Server 2019 zuwa sama.

Rumbun Amazon kuwa, EFS, da yaren NFS 4.1 yake magana, ta ƙofa 2049, kuma mallakar Linux ta gaske ce a can, `chown` na zama. Foldar ciki ana rubuta ta bayan alamar `:/` a ƙarshen adireshi. Abin da ya burge ni a nasu shi ne mashigar da suke kira `access point`: kana ɗaure ta da folda ɗaya da mai amfani ɗaya, ka jona da `amazon-efs-utils` da `-o tls,accesspoint=`, ka kuma sa doka a kan rumbun cewa sai ta mashigar za a shiga. Da dokar, foldar ta zama iyaka ta gaske. Babu dokar, an koma gidan jiya.

Sauya mabuɗi

Ranar da wani mai `sudo` ya bar aiki, ko ka yi zargin mabuɗi ya fita, sai an sauya shi. Dalilin ba ka guda biyu ke nan. Kana kan `key1`. Ka sa `key2` a fayil ɗin `.cred` na kowace sabar, ka tsayar da manhajar, ka cire jonin ka mayar, ka gwada rubutu. Canza fayil ɗin kaɗai bai isa ba, don kenel tana riƙe da mabuɗin da aka ba ta tun ranar jonawa, da shi za ta nemi komawa in layi ya yanke. Sai ka gama da sabar ta ƙarshe sannan ka je shafin Azure ka sabunta `key1`. Ka ajiye jerin duk na'urorin da ke riƙe da mabuɗin a wuri ɗaya tun yau, har da ta Windows ɗin nan da ke kusurwar ofis, don wadda aka manta ba za ta yi kuka nan take ba, sai ranar da layinta ya yanke ta zo komawa da tsohon mabuɗi a hana ta shiga.